Ni Dai Ƙaro Nake Taunawa, Kuma Na Daina Ɓoyewa

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun nan yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya yi haƙuri ya ajiye sai dare. Kwana uku ke nan abin yana cina a rai, na ga gara in amayar da shi in huta.

Ranar Asabar da ta wuce bayan la'asar, muna zaune a barandar masallaci muna jiran a fara taron ƙungiyarmu. Sai na zaro 'yar ledar ƙaro daga aljihu, wanda Inna ta aiko min ta hannun wani direban motar albasa ɗan garinmu. Na jefa guda a baki, na miƙa wa na kusa da ni, kamar yadda aka koya mana a gida. Wani ɗan uwanmu, shi ma digiri na biyu yake yi, ya leƙo ledar ya tuntsire da dariya. Ya ce, "Haba Malam! A nan ma? Kana masta kana cin ƙaro kamar ɗan kiwo? Don Allah ɓoye, kada mutanen nan su gani su ce majinar itace muke ci." Yana faɗar haka cingam ne a bakinsa, yana ta ƙas-ƙas da shi. Aka yi dariya.

Wallahi dariyarsu ba ta dame ni sosai ba. Abin da ya hana ni barci shi ne ni ma na yi dariyar, na ƙudundune ledar na mayar aljihu kamar wanda aka kama da kayan sata. Tsohuwa ta zauna ta tsince ƙaron nan ɗaya bayan ɗaya, ta cire masa ɓawo da tsakuwa, ta ƙulle ta aiko tun daga Yobe har Ibadan, ni kuma ɗanta mai ilimi na ji kunyarsa a gaban 'yan uwana. Da na koma ɗaki na dubi ledar, kunyar kaina ta kama ni.

Ba zan kama sunan kowa ba, kuma ɗan uwan nan abokina ne, har gobe. Amma tunda a gaban jama'a aka yi, a gaban jama'a zan ba da amsa.

Mu fara da abin da ke bakinsa. Duk wanda ke da kwalin cingam a jaka ya ɗauko ya juya bayansa. Za ka ga sukari ko abin zaƙi, za ka ga ƙamshi da kala, sannan ka ga kalmomi biyu na Turanci, "gum base", wato gindin cingam ɗin, abin da ke saura a baki bayan zaƙi ya tafi. Me ke cikin wannan gindin? Kwalin ba zai faɗa maka ba, sirrin kamfani ne. Amma mu da muke karatun kimiyyar sarrafa abinci mun san irin abubuwan da aka yarda a zuba. Akwai polibainil asitet, sinadarin da shi ne ƙashin bayan farin gam ɗin da kafinta ke haɗa katako da shi. Akwai robar butil, dangin wadda ake yin tiyub ɗin taya da ita. Akwai polietilin, dangin leda. Akwai kakin da ake samu daga man fetur. A taƙaice, yawancin cingam ɗin shagunan nan roba ce da aka shafa wa zaƙi.

Kafin wani ya zo ƙasan rubutun nan ya ce na ce cingam guba ne, ban ce ba. Nau'in da ake zubawa an tace shi, kuma hukumomin abinci na ƙasashe sun amince da shi. Ban taɓa ganin wanda cingam ya kwantar a asibiti ba. Maganata ita ce, wanda ke tauna dangin tiyub bai kamata ya yi wa mai tauna ƙaron ɗakwara dariya ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wani abin da ɗan uwan namu bai sani ba, cingam ɗin kansa daga jikin itace ya fara. Mutanen Maya da Aztek na yankin Meziko sun daɗe suna tsaga jikin wata bishiya mai suna sapodila, su tari farin ruwanta su dafa ya yi kauri, su tauna. Sunansa cikil. A wajen 1869 wani tsohon shugaban Meziko, Janar Santa Anna, yana gudun hijira a New York, ya haɗa wani Ba'amurke mai suna Thomas Adams da wannan cikil ɗin, da fatan za a yi roba da shi a samu kuɗi. Robar ta ƙi yiwuwa. Adams ya juya ya yanka shi ƙanana ya sayar a matsayin abin taunawa, a 1871 ya yi rajistar injin yinsa. Daga nan kasuwa ta buɗe. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da buƙata ta fi ƙarfin bishiyoyin, kamfanoni suka koma ga robar da ake haɗawa a masana'anta domin ta fi araha kuma ba ta jiran damina ko rani. Kun ga ke nan, cingam kwaikwayon abin itace ne. Mai riƙe da kwaikwayo shi ke yi wa mai riƙe da na asali dariya.

Kuma taunar abin itace ba mu kaɗai muke yi ba. A 2019 masana sun fitar da cikakken tsarin ƙwayoyin halittar wata mata daga wani guntun ƙaron itacen barc da ta tauna ta yar a ƙasar Denmak shekara 5,700 da suka wuce. Su Turawan alfahari suka yi da abin, jaridunsu suka buga. A tsibirin Kiyos na ƙasar Girka akwai bishiyar mastika, wadda ƙauyukan kudancin tsibirin ke rayuwa da ƙaronta tun kaka da kakanni. A 2014 hukumar UNESCO ta sa sana'ar noman mastika cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Yanzu haka ku shiga TikTok ku ga samarin Turai da Amurka masu ɗaga ƙarfe suna tauna mastika wai don muƙamuƙinsu ya fito, suna sayensa da tsada a 'yan gwangwanaye. Na rantse da a ce gwangwanin nan na zaro ranar Asabar, da rubutun Turanci a jikinsa, da cewa za a yi, "Malam ɗan sam min in ɗanɗana." Alhazanmu ma ai suna dawowa daga Makka da lubban, ƙaron bishiyar da ke fitowa a Oman da Yaman da Somaliya, mu karɓa hannu bibbiyu mu ce tsarabar ƙasa mai tsarki. Bishiyar hano da ke kan duwatsunmu 'yar uwarta ce ta jini. Amma ita tamu ba mu kallonta.

Yanzu bari in ba ku labarin ranar da idona ya buɗe. A zangon farko, muna aikin gwaji a lab, aka ce in ɗauko wata kwalba a kan kanta. Farin gari ne a ciki, an rubuta sunan wani kamfanin Turai a jiki, an shigo da ita da kuɗin waje, malamin lab yana ta gargaɗi kada a yi ɓarna domin tsada gare ta. Na karanta takardar jiki. Garin ƙaro ne. Ƙaron ɗakwara, wanda muna yara muke ɓamɓarowa a hanyar gona mu cika aljihu. Na tsaya riƙe da kwalbar nan, na rasa dariya zan yi ko kuka.

Turawa suna kiransa da sunan da ke nufin "ƙaron Larabawa", saboda ta tashoshin jiragen ruwan Larabawa ya riƙa isa gare su a da. A jikin kayan abinci lambarsa E414. Ku duba alawa, ku duba wasu lemukan kwalba, ku duba ƙwayoyin magani, za ku ci karo da ita. Aikinsa a lemo shi ne ya riƙe man ƙamshin lemun tsami ko na lemun zaƙi ya gauraye da ruwa, kada ya taso sama ya yi zobe a wuyan kwalba. Har yau masana'antu ba su samu abin da ya cika gurbinsa sosai ba. Shi ya sa a 1997, lokacin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin ciniki, aka bar wa ƙaro ƙofa ya ci gaba da shiga. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan. Ƙasa ta rufe wa ƙasa ƙofa, amma ta ce banda ƙaro. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, cikin abubuwan da manyan kamfanonin lemo da alawa suka fara lissafi har da yawan ƙaron da ya rage musu a sito.

Sudan ce kan gaba wajen fitar da ɗanyensa, Chadi da Najeriya suna cikin masu biye mata. Namu yana fitowa ne daga Borno da Yobe da Jigawa da sauran jihohin bakin hamada. An kasa shi daraja uku: na ɗaya na ɗakwara, na biyu na dushe, na uku gauraye daga wasu itatuwan. A Gashuwa akwai reshen cibiyar binciken roba ta ƙasa da aka keɓe domin ƙaro. Ɗalibai nawa a cikinmu suka san da shi? Ita kuwa Faransa, wadda ba ta da dajin ɗakwara, ita ce kan gaba a duniya wajen sayar da sarrafaffen ƙaro. Su saya a buhu, su narkar, su tace, su busar ya zama gari, su sa a kwalba, mu kuma mu sayo mu ajiye a lab muna lallaɓawa.

A gida ma, wane ne a cikinmu bai ci moriyarsa ba? Tawadar da muka rubuta allo da ita muna yara, ƙaro ne ke riƙe baƙinta ya kama allon. Hular da ɗan uwan namu ya kafa a goshi ranar Asabar, tana tsaye ƙyam, me mai wankin hula ya sa mata? Wato ƙaro ya dace da kansa, bakina ne bai dace da shi ba.

Na san abin da za a ce, don haka bari in amsa tun kafin a tambaya.

Za a ce ƙaro da datti. Gaskiya ne, wanda ake shanyawa a ƙasa a kasuwa yana zuwa da ƙura da ɓawo, wani lokacin har da tururuwa a maƙale. Amma wannan laifin hannun da ya sarrafa shi ne. Shinkafar gida ma da tsakuwa muka san ta, ba mu daina cin shinkafa ba, injin cire tsakuwa muka nema. Idan kana da kyau ka ƙara da wanka. Ka zaɓi mai haske, wanda in ka ɗaga shi ga rana kake ganin haske ta cikinsa, ka kankare ɓawon, ka ɗauraye da sauri ka shanya a kan tire mai tsabta, ka zuba a kwalba mai murfi. A nan Kudu murfin nan dole ne, domin danshin garin nan yana sa shi ya yi laushi ya manne da juna.

Za a ce ba ya taunuwa kamar cingam. Wannan ma gaskiya ne, kuma ya kamata a bambance. Ƙaron ɗakwara da na marke narkewa suke yi. Da fari yana da tauri, sai ya yi laushi ya ɗan kama haƙori, a hankali ya narke ka haɗiye. Wanda aka yi wa cikon haƙori ya bi a hankali, ya bar shi ya jiƙa a baki kafin ya sa haƙori. Lubban da mastika su ne ba sa narkewa a miyau, su ne za ka yi ta taunawa har ka gaji, da ɗan ɗaci a farko. Kowa ya zaɓi wanda ya yi masa. Ni dai a wurina narkewar nan ita ce falalarsa. Ba ni da abin tofarwa.

Maganar tofarwa kuwa, don Allah gobe in kun shiga ɗakin lakca ku shafa ƙarƙashin tebur. Ko kuma kada ku shafa, ku leƙa kawai. Wanda aka manna tun kafin mu samu gurbin karatu yana nan daram, domin roba ba ta ruɓewa da wuri. Ni kaina na taɓa zama a kan wani da farar shadda ranar da zan gabatar da semina, na yini ina jan riga ina rufe baya. Ƙasar Singafo ta gaji da irin wannan, har da masu manna shi a ƙofofin jirgin ƙasa suna hana su rufuwa, a 1992 ta hana shigo da cingam da sayar da shi. Sai a 2004 ta sassauta ga wanda likita ko mai kantin magani zai bayar domin lafiya.

Za a ce likitocin haƙori suna yabon cingam marar sukari saboda yana ƙara miyau bayan cin abinci. Na yarda, ba na jayayya da likita a fanninsa. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, wanda muke saya a kiyos na ƙofar hostel mai sukari ne, zaƙin ya ƙare a minti biyar ka ɓare wani.

Sannan ina da magana da ɓangarenmu, masu son kayan gargajiya. Don Allah kada a ɗauki rubutun nan a je a buɗe shafi a ce ƙaro yana maganin ciwo arba'in. Irin wannan zuzutawar ita ke sa masu ilimi su raina kayanmu. Abin da aka tabbatar shi ne ƙaron ɗakwara nau'in harza ne mai narkewa a ruwa, ba shi da zaƙi, kuma ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanji suna cinsa. In ka cika shi da yawa cikinka zai kumbura ka yi ta fama da iska. Ba ya maye gurbin asuwaki ko buroshi, ba ya maye gurbin asibiti. Kuma ba kowane abu da ya tsatso daga itace ake kaiwa baki ba. Duk ɗan ƙauye ya san farin ruwan tinya da na tumfafiya ba abin wasa ba ne. Wanda bai san itace ba, kada ya shiga dajin nan na Kudu ya ɓamɓaro abin da bai sani ba ya ce ni na aike shi. Ya je Sabo ya tambayi dattawa masu kayan ƙoli.

Me ya sa na ɗauki zafi a kan ɗan abin da bai kai girman goro ba? Saboda na san inda wannan kunyar ke kai mu. A garinmu, bayan damina ta ɗauke, ganyen ɗakwara ya fara zuba, sai masu tsaga su fita da ɗan gatari su ɗaye ɓawo kaɗan a reshe. Bayan 'yan makonni su koma su tarar ƙaro ya tsatso ya daskare, su tsince, su sake komawa, har zafi ya shigo. Kuɗin rani ke nan, lokacin da gona ba ta ba da komai. Da shi kawuna ya biya min kuɗin jarrabawar fita sakandare. Bishiyar kuma ba ta neman ban ruwa, tana riƙe ƙasa kada iska ta kwashe, tana ƙara wa gona ƙarfi, awaki su ci ganyenta. Shi ya sa take cikin itatuwan da ake dasawa a shirin katangar bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007 domin tare hamada.

Amma da na je gida hutun bara, wurin da muke tsintar ƙaro muna yara kututture na tarar. An sare an yi itacen girki da gawayi. Ban ga laifin wanda ya sare ba, yunwa ba ta jiran rani. Sai dai itace yana tsira ne in yana da daraja a tsaye fiye da a kwance. Wa zai ba shi wannan darajar? Mu ne da aka tura karatu. Mu ne za mu zama malaman gona da masu bincike da 'yan kasuwa da kwamishinoni. To in tun muna ɗalibai muna jin kunyar a gan mu da ƙaro a hannu, yaushe za mu zauna mu rubuta bincike a kansa? Yaushe za mu kafa wurin tace shi a Nguru ko Haɗeja? Mutum ba ya zuba jari a abin da yake ɓoyewa a aljihu.

Kuma abin takaicin, mutanen da aka ce in ɓoye saboda su, ko a jikinsu. Akwai wata Bayarabiya abokiyar karatuna, ta gan ni da shi a lab ta tambaya, na ba ta ta ɗanɗana, ta yamutse fuska ta ce ba shi da ɗanɗano, sannan ta tambaye ni ko zan samo mata rabin kilo ta gwada a aikinta maimakon na kwalba. Ita kanta namijin goro ne a jakarta kullum, ba ta taɓa ɓoyewa ba. 'Yan uwanmu Ibo suna cin abacarsu a bainar jama'a, ƙamshin ogiri ya cika baranda, babu wanda ya sunkuyar da kai. Mu ne kawai muke tsaye muna gadin kanmu da kanmu. Mu ne muke rage murya in za mu yi Hausa a cikin tasi. Mu ne muke cewa kilishi da fura sun halatta domin 'yan Kudu sun yaba, ƙaro kuwa sai a ɗaki. Sai wani ya sa wa kayanmu hannu sannan mu yarda kaya ne.

Ban ce kowa ya zubar da cingam ɗinsa ba. Bakinka ne, kuɗinka ne. In ka gama dai ka naɗe a takarda ka jefa a kwandon shara, ka tausaya wa shaddar bayin Allah. Abin da nake roƙo uku ne. Mu daina yi wa juna dariya a kan abin gida. Mu riƙa juya kwali muna karanta abin da muke ci. Masu neman abin da za su yi bincike a kai, a kimiyyar abinci ko haɗa magunguna ko gandun daji ko tattalin arziki, ga ƙaro nan yana jiran ku. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ni dai na sayi 'yar kwalba mai murfi na juye sauran a ciki, tana kan teburina a ɗakin karatu, kowa ya gani. Jiya na kira Inna na ce ta ƙaro min, ta yi dariya ta ce ashe boko bai cinye ni duka ba.

Ɗan uwana na barandar masallaci, na san za ka karanta. Ban riƙe ka ba wallahi, ka ma yi min amfani. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan zo da kwalbar, kai zan fara miƙa wa.

Ku kuma ku faɗa min, a garinku ƙaron wane itace kuke ci kuna yara, kuma itacen yana nan ko an sare?

Allah ya ba mu sa'ar abin da muka zo nema, ya mayar da mu gida lafiya.